Ƙasar da Aka Daidaita Kan Shekarar Tsanani: Bahasi a Kan Yanayi da Namun Dajin Filayen Ciyawa na Amurka ta Arewa

 

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bahasi a kan wata ƙasa mai nisa da mu, wato shimfiɗaɗɗen dajin ciyawan nan na tsakiyar nahiyar Amurka ta Arewa wanda mutanen can suke kira fireri, a dubi yanayinsa da halittun da Allah Ya zuba a cikinsa, sa'an nan a kafa hujja a kan mas'ala guda: cewa ciyawar wannan daji da dabbobinsa an daidaita halittarsu ne a kan shekarar tsanani, ba a kan matsakaiciyar shekara ba. Duk wanda ya auna ƙasar da mizanin shekarar albarka, kamar yadda baƙin da suka mamaye ta a ƙarni na 19 suka yi, to ƙiyasinsa zai ɓaci, kuma ɓacin ƙiyasin nan shi ne asalin galibin abin da ya same ta.

Dajin ya faro daga lardunan Albata da Saskacewan da Manitoba na ƙasar Kanada, ya gangaro ta jihohin Dakota biyu da Nebraska da Kansas da Oklahoma har cikin Tekzas, tafiyar kusan kilomita 3,000 daga arewa zuwa kudu. Daga yamma Duwatsun Roki ne suka tokare shi, daga gabas kuwa a da ya kai har Ilinoi. Duwatsun nan su ne sababi na farko na yanayinsa, domin iskar da ke tasowa daga Tekun Fasifik ɗauke da danshi, in ta zo haye su sai ta sauke ruwanta a fuskarsu ta yamma, ta gangaro gabas a bushe. Abin da ke shayar da filayen kuwa shi ne danshin da ke haurowa daga Mashigin Meksiko ta kudu, wanda ƙarfinsa yake raguwa gwargwadon yadda aka nausa yamma. Saboda haka ruwan ya kasu, ciyawa ma ta kasu: a gabas, inda ake samun milimita 750 zuwa 1,000 a shekara, doguwar ciyawa ce mai ɓoye mutum a tsaye, a gindin duwatsu, inda ruwan yake tsakanin 300 da 400, gajeriyar ciyawa ce wadda da ƙyar take wuce idon sawu, a tsakani kuma gauraye. In mai sauraro yana son ya kimanta, adadin na gabas bai yi nisa da abin da ke sauka tsakanin Kano da Zariya ba, na yamma kuwa ya fi kusa da na ƙasar Tawa, sai dai kamar ta tsaya a adadi, don kuwa can akwai sanyin da ke daskarar da ƙasa watanni, abin da daminarmu da raninmu ba su sani ba. Tun 1878 John Wesley Powell ya rubuta wa gwamnatin Amurka rahoto yana gargaɗi cewa daga layin daraja ta 100 zuwa yamma, inda ruwan shekara yake kasa kai milimita 500, noma ba zai ɗore ba sai da ban-ruwa. Ba a saurare shi ba.

Amma adadin matsakaici ruɗi ne a wannan ƙasa, kuma nan ne zuciyar bahasin. Filayen suna nesa da teku mai sassauta zafi da sanyi, kuma babu wani dutse da ya gitta daga gabas zuwa yamma da zai tare iskar ƙanƙara mai saukowa daga Kanada ko ɗumamar iska mai haurowa daga kudu, saboda haka su biyun nan kullum cikin karo suke a sararin samaniyar wurin. Daga karon nasu ake samun tsawa da ruwan ƙanƙara da guguwar nan mai tumɓuke gidaje, wadda babu inda take yawaita a duniya kamar tsakiyar Amurka. A jihar Dakota ta Arewa, cikin shekara ɗaya tak, 1936, an auna sanyi digiri 51 ƙasa da sifiri a garin Parshall cikin Fabrairu, sa'an nan aka auna zafi digiri 49 a garin Steele cikin Yuli, tazarar digiri 100 ke nan tsakanin watanni biyar. A garin Spearfish na Dakota ta Kudu kuma, ran 22 ga Janairu 1943, busasshiyar iskar nan mai gangarowa daga duwatsu ta ɗaga ma'auni daga digiri 20 ƙasa da sifiri zuwa 7 sama da shi cikin minti biyu. Ruwan sama ma haka yake: shekaru su jeru da wadata har manomi ya saki jiki, sa'an nan fari ya zo ya zauna shekara biyar ko goma. Halittar da za ta dawwama a irin wannan wuri lalle ne ta kasance tana da mafita daga kowane ɗaya cikin waɗannan, kuma in aka yi tadabburi za a ga mafitar uku ce: ko a shige ƙasa, ko a yi ƙaura, ko a jure.

Ciyawa ta zaɓi shiga ƙasa. Malamin nan John Weaver na Jami'ar Nebraska ya kwashe shekaru da dama yana haƙa ramuka masu zurfi a tsakiyar ciyawa, shi da ɗalibansa, suna shiga ciki suna tonon bangon ramin a hankali da tsinken ƙarfe har saiwar ta bayyana, suna bin ta zare-zare suna zana ta a takarda. Abin da suka gani shi ne cewa wadda ake gani a zahiri ƙaramin yanki ce, mafi yawan jikin tsiron yana baɗini, har saiwar doguwar ciyawa takan nutse mita biyu zuwa uku. Saiwar ita ce rumbun ciyawa: a nan take tara abincinta, don in wuta ta ci abin da ke sama, ko dabba ta kiwace shi, ko ƙanƙara ta kashe shi, ba a taɓa jarin ba. Ƙari a kan haka, idon da ciyawa take tsirowa daga gare shi yana gindi ne, daf da ƙasa ko cikinta, saɓanin itace da nasa yake kan reshe inda harshen wuta yake isa. Sarauniyar doguwar ciyawar, wadda masana suke kira Andropogon gerardii, jinsinsu ɗaya da gambar da muke saƙa zana da ita, wato Andropogon gayanus. Wanda ya taɓa ganin gamba ta yi toho bayan an ƙone daji, to ya riga ya fahimci rabin wannan fasali. Da farin shekarun 1930 ya zo, Weaver yana nan yana kallo: doguwar ciyawa ta ja da baya, masu jure ƙishi suka kutso gabas suka maye gurbinta a faɗin da ya haura kilomita 150, kuma da ruwa ya dawo a farkon shekarun 1940 sai ta riƙa komowa sannu a hankali. Iyakokin yankunan nan uku da muke zanawa a taswira, ashe ba tsayayyu ba ne. Kai-da-kawo suke yi tare da ruwa.

Sai dai fari kaɗai bai isa ya bayyana rashin itatuwa ba, domin ruwan da ke sauka a gabashin Kansas ko a Iyowa ya wadatar a yi kurmi. Abin da ya hana shi ne wuta, wadda tsawa take kunnawa, kuma 'yan asalin ƙasar suka riƙa kunnawa da gangan ƙarnuka masu yawa don jawo namun daji ga sabon toho. An tabbatar da wannan ta hanyar jarrabawa a tashar bincike ta Konza, a tuddan Flint na Kansas, wadda aka kafa a 1971 kuma Jami'ar Jihar Kansas take gudanarwa: an rarraba filin gida-gida, wani ana ƙone shi duk shekara, wani bayan shekara huɗu, wani bayan ashirin, kuma natijar ita ce inda aka daɗe ba a sa wuta ba, ƙananan itatuwa da wani itace da suke kira jan sida sukan rufe shi cikin 'yan shekaru gommai, ciyawa ta mutu a inuwarsu. Ke nan wanda ya kewaye fili ya hana shi wuta da kiwo da niyyar kiyaye shi, ya kashe shi da kyakkyawar niyya.

Yanzu mu zo ga ɓauna, wadda ita ce ma'abuciyar juriya da ƙaura baki ɗaya. Ɓaunar Amurka ba irin tamu ba ce. Tana da tozo da gemu da gashi mai kauri a gaba, namijinta yakan kai kilo 900, kuma ita ce mafi girman dabbar tudu a nahiyar. In dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, sai ta sa ƙaton kanta tana kaɗa shi dama da hagu, naman tozon nan yana riƙe da nauyinsa, har ta share dusar ta kai ga busasshiyar ciyawa. Gashinta kuwa yana tsare ɗumin jiki har dusar takan taru a bayanta ba ta narke ba. A lokacin zafi takan yi birgima a wuri ɗaya har ya zama kwari mai faɗin 'yan mitoci, ƙasarsa ta daddale, ruwa ya kwanta a ciki, kwaɗi su hayayyafa, wasu tsirrai dabam su fito a bakinsa. Har yau ana iya gane irin waɗannan wuraren birgima a filayen da garma ba ta taɓa ba. Kiwonta ma yana da ƙa'ida, domin ciyawa zalla ta fi so, takan tsallake masu fure da faffaɗan ganye, ta haka sai su sami sararin da doguwar ciyawa take hana su. Shi ya sa da aka mayar da ɓauna Konza a 1987, ire-iren tsirrai suka ƙaru a inda take kiwo. Kuma tana bin wuta: inda aka ƙone bana nan garke yake tarewa, inda ya bari sai ciyawa ta taru ta zama makamashin wutar baɗi, ta haka ƙasar take zama dabbare-dabbare, kowane tsuntsu da irin tsawon ciyawar da yake so. Samuel Fuhlendorf na Jami'ar Jihar Oklahoma da abokan aikinsa sun nuna cewa shanu ma suna bin wannan sunna in an ƙone musu makiyaya yanki-yanki, kuma wasu makiyayan can sun karɓi dabarar.

Ƙididdigar da masana suka fi yarda da ita ita ce ɓaunar ta kai kimanin miliyan 30 kafin ta'adi. Abubuwa suka haɗu mata: jirgin ƙasa ya ratsa nahiyar a 1869 ya raba garken biyu, a wajen 1871 majema suka gano hanyar jeme ƙirginta ya zama bel na injinan masana'antu, hukuma kuma ta ga cewa ƙarewar ɓauna ita ce karyewar Lakota da Shayen da Komanci da sauran al'ummomin da abincinsu da suturarsu da tantunansu duk daga jikinta suke, har majalisa ta zartar da dokar kare ta a 1874 amma Shugaba Grant ya ƙi sa hannu. Garken kudu ya ƙare kafin 1880, na arewa ya bi shi a 1883, sa'an nan matalautan baƙi suka riƙa tsintar ƙasusuwa suna sayarwa a yi taki da tace sukari. Da William Hornaday ya yi ƙidaya a 1889, abin da ya samu, na daji da na gida, bai wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. A yau sun kai wajen rabin miliyan, amma mafi yawansu dabbobin kasuwa ne a cikin shinge. A ra'ayina, an ceci jinsin ɓauna amma ba a ceci aikinta ba, domin aikin nata yana cikin tafiya ne, tafiya kuwa ita ce aka hana ta.

Wanda ya bi ciyawa cikin ƙasa shi ne kuregen ramin nan da Turawa suka laƙaba wa sunan kare saboda kukansa mai kama da haushi. Jama'a-jama'a yake zaune, gari guda. Masanin dabbobi Vernon Bailey ya siffanta wani garinsu a Tekzas a farkon ƙarni na 20 wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 65,000, aka ƙiyasta mazaunansa miliyan 400. Ramin nasa abin lura ne: ƙofa biyu yake yi masa, ɗaya a kan tsibi mai tsini, ɗaya a kan shimfiɗaɗɗe, kuma bambancin tudun nan shi ke sa iskar da ke wucewa a sama ta zuƙo ta cikin ramin ta sabunta shi. Yana datse ciyawar da ke kewaye don ya hangi dila da shaho tun daga nesa, datsewar kuma tana sa ta yi ta toho mai taushi, har ɓauna da barewa sukan fi son kiwo a garinsa. Wata ƙaramar mujiya tana sheƙa a tsofaffin ramukansa, macizai suna fakewa ciki. Amma masu shanu sun ɗauke shi kishiyar dabbobinsu, hukuma ta taimaka musu da guba shekaru da yawa, sa'an nan annobar ɓeraye da jiragen ruwa suka shigo da ita ta San Faransisko a wajen 1900 ta bazu cikinsu, har aka wayi gari ɗan kaɗan ne ya saura daga ƙasar da suke riƙe da ita a da.

Faɗuwarsa ta ja wata dabba mai kama da tunku, mai baƙaƙen ƙafafu, wadda kusan kashi 90 cikin 100 na abincinta kuregen ne, kuma a raminsa take kwana. A 1979 an ɗauka ta ƙare a duniya. A 1981, kusa da garin Meeteetse na jihar Wayomin, karen wani gidan kiwo ya kawo gawar ɗaya gida, da aka bi sawu sai ga ragowar jama'arta; cuta ta faɗa musu, aka kama 18 na ƙarshe tsakanin 1985 da 1987 aka tsare su, kuma daga zuriyar bakwai cikinsu aka fara mayar da su daji a 1991.

Tsuntsaye su ne ma'abuta ƙaura. Kowane Maris, dangin gauraka fiye da 500,000 suna sauka a Kogin Platte na Nebraska su yi kiwo kafin su wuce arewa. Dubban ƙananan tafkunan da tsohuwar ƙanƙara ta bari a Dakota da kudancin Kanada kuwa, kimanin rabin agwagin dajin nahiyar a nan ake ƙyanƙyashe su, kuma yawansu yana hawa da sauka tare da ruwan shekara. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna tsuntsayen filin ciyawa sun ragu da kashi 53 cikin 100 daga 1970, fiye da na kowane irin muhalli. Akwai kuma wani abin mamaki da ya kamata mu da muka san bala'in fara mu ji: farar Duwatsun Roki, wadda ta rufe rana ta cinye gonakin Kansas da Nebraska a 1874 da 1875, ta ɓace ƙurmus daga duniya, na ƙarshe da aka kama a Manitoba ne a 1902. Bayanin da Jeffrey Lockwood ya kawo shi ne cewa tsakanin annoba da annoba takan koma 'yan kwaruruka na bakin kogi a cikin duwatsu ta zuba ƙwai, baƙi kuwa suka nome kwarurukan ba tare da sanin abin da suke tonewa ba.

Garma ce ta yi mafi girman aiki. Saiwar nan da ta shekara dubbai tana mutuwa tana ruɓewa ita ta gina baƙar ƙasa mai albarka, amma sarƙewarta ta gagari garmar da baƙi suka zo da ita, sai da John Deere ya ƙera ta ƙarfen da ƙasa ba ta manne masa a 1837. Dokar 1862 ta ba kowane magidanci eka 160 in ya zauna ya nome. Aka dace da shekarun ruwa, har wasu masu ilmi suka yaɗa da'awar cewa noman ne yake jawo ruwan sama. Doguwar ciyawa, wadda a da ta rufe eka miliyan 170, yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mafi yawansa a tuddan Flint inda duwatsu suka hana garma shiga. Gajeriyar ciyawa ta kudu maso yamma kuwa an fasa ta ne don alkama, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa. Da fari ya dawo kamar yadda ya saba, alkama ta mutu, babu saiwar da za ta riƙe ƙasa, sai iska ta kwashe ta. A Mayu 1934 ƙurar ta kai har Niyok da Washinton, ran 14 ga Afrilu 1935 kuma baƙar ƙura ta mai da rana dare a Oklahoma da Tekzas, kuma cikin watan nan aka kafa hukumar kiyaye ƙasar noma. Farin ba sabo ba ne. Sabon abu shi ne tsiraicin ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka koma ga ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, wanda ke shimfiɗe ƙarƙashin jihohi takwas, kuma a Kansas da Tekzas ana jan sa fiye da yadda sama take mayar masa. A 2018 kuma Richard Seager da abokan aikinsa suka nuna cewa iyakar bushewar nan da Powell ya zana ta matso gabas kimanin kilomita 225.

Ba ina cewa a kwaso hukuncin Kansas a ɗora wa dajinmu ba. Wutar da suke sawa ta bazara ce, ƙasa da danshi, toho yana biye da ita cikin kwanaki. Wutar da aka sa a dajinmu a tsakiyar rani kuwa tana barin ƙasa tsirara watanni a gaban iskar hunturu, ta cinye harawar da dabba za ta rayu da ita. Inda kamar take da gaske shi ne a batun tafiya: Bafillacen da ke tashi zuwa mashekari yana bin ruwa da ciyawa, ijtihadinsa ɗaya ne da na ɓauna, kuma waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da ke faruwa ga garken da aka toshe wa burtali.

Misali mafi bayyana na wannan toshewa a can Amurka shi ne barewar filayen, wadda suke kira pronghorn, ko da yake a ilmin nasaba raƙumin dawa ya fi kusa da ita a kan barewa. Tana iya gudun kilomita 88 a awa, babu mai cim mata a nahiyar, kuma in dusar ƙanƙara ta yi zurfi takan yi doguwar tafiya ta nemi inda iska ta share. Amma da yake an halitta ta a filin da babu abin tsallakewa, ba ta saba tsalle ba. In ta iske shinge, ta ƙarƙashinsa take rarrafawa. Da waya mai ƙaya ta bazu bayan Joseph Glidden ya yi mata rajista a 1874, sai aka riƙa iske gawarwakinsu jibge a kusurwar shinge bayan muguwar ƙanƙara. Gyaran da hukumomin namun daji na Wayomin da Montana da Albata suke kira gare shi yanzu mai sauƙi ne: a cire ƙaya daga wayar ƙasa, a ɗaga ta santimita 40 zuwa 45 daga doron ƙasa, yadda saniya ba za ta fita ba amma barewa za ta wuce, kuma ƙungiyoyin mafarauta da masu sa kai suna bin tsofaffin shingaye kilomita bayan kilomita suna sauya wayar.